TARIHI: Yadda Amurka Ta Fara Binciken Mai Sayen Bindiga



Tun da matsalar 'yan bindiga ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garuruwanmu na asali, akwai wata magana da ba ta barin bakin mutanenmu a nan kudu. A kara za ka ji ta, a tashar mota za ka ji ta, har a ƙofar masallaci bayan la'asar: "Gwamnati ta ƙyale kowa ya mallaki bindiga kawai, kamar yadda ake yi a Amurka." Wani kuma ya ce Allah Ya kiyaye, ai a Amurkar ne ake shiga makarantar firamare a harbe yara. Kowane ɓangare da Amurka yake kafa hujja, alhali yawancinmu a fim muka san bindigar ƙasar. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan karo mu bi tarihin dokar tasu daki-daki, musamman abin da suka fi jayayya a kai, wato binciken da ake yi wa mutum kafin a miƙa masa bindiga a shago.

Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne, kusan kowace babbar dokar bindiga a Amurka sai da aka zubar da jini aka yi ta. Kuma kafin kowace ta samu ƙuri'un da za su wuce da ita a majalisa, sai an bar mata wata ƙofa a buɗe, da sanin masu yin ta.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulkinsu. A ranar 15 ga Disamba, 1791 aka tabbatar da gyare-gyare goma na farko da aka yi wa kundin. Na biyu a cikinsu jimla ɗaya ce rak. Ma'anarta ita ce, tun da ƙasa mai 'yanci tana buƙatar rundunar mayaƙan sa-kai mai tsari, ba za a tauye haƙƙin mutane na ajiye makami da ɗaukarsa ba. Waɗanda suka rubuta ta ba su daɗe da gama yaƙi da Ingila ba, suna tsoron kada wata rana sojan gwamnati ya danne su. Bindigar wancan zamani kuwa 'yar uwar ta mafarautanmu ce, a ɗura albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a tsaya a sake ɗurawa. Lauyoyi sun shafe fiye da shekara 200 suna gardama a kan wannan jimla: haƙƙin na runduna ne, ko na kowane mutum ne a ɗakinsa?

Shekaru masu yawa gwamnatin tarayya ba ta sa baki ba, kowace jiha da kowane gari suna yin tasu dokar. Har garuruwan kaboyi da muke gani a fim ba kara-zube suke ba. A garin Tombstone na yankin Arizona, dokar gari ta 1881 ta hana yawo da bindiga, baƙo ya shigo sai ya ba da ajiyarta. Shahararren harbe-harben da aka yi a garin a wannan shekara, wanda aka yi ta yin fim a kansa, ya tashi ne lokacin da jami'an tsaro suka je karɓe makaman wasu mutane.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin da ya kamata mu da muke zaune a cikin wasu al'ummai mu saurara da kyau. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, jihohin kudu irin su Mississippi suka yi dokokin da suka hana baƙar fata riƙe bindiga sai da izinin hukuma, izinin kuma a hannun farar fata yake. A 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King a jihar Alabama, ya nemi izinin ɗaukar ƙaramar bindiga, aka hana shi. A ranar 2 ga Mayu, 1967 matasan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka shiga ginin majalisar jihar Kalifoniya riƙe da bindigogi, abin da doka ba ta hana ba a lokacin. Ba a rufa wata uku ba aka haramta yawo da bindiga mai harsashi a ciki a jihar. Gwamnan da ya sa hannu sunansa Ronald Reagan, kuma za mu sake haɗuwa da shi a gaba. Wannan tarihi ne ya sa har yau wasu baƙaƙen Amurka ba sa yarda da duk dokar da ta bar wa jami'i guda ikon cewa wane ya cancanta, wane bai cancanta ba.

Dokar tarayya ta farko mai ƙarfi ta zo a 1934. Zamanin ne na gungun 'yan fasa-ƙwaurin giya irin su Al Capone. A ranar 14 ga Fabrairu, 1929 aka jera mutum 7 a jikin bangon wani gareji a Shikago aka buɗe musu wuta da mashin gan. A Fabrairun 1933 kuma wani ya harbi zaɓaɓɓen shugaba Franklin Roosevelt a Miami, ya kuskure shi, ya samu magajin garin Shikago, wanda ya mutu daga baya. Dokar ta 1934 ba ta haramta mashin gan ba. Haraji ta ɗora masa na dala 200 tare da tilasta rajista, haka ma bindigogin da aka gutsure wa baki da na'urar kashe ƙarar harbi. Dala 200 a lokacin kuɗi ne mai yawa, amma aka yi fiye da shekara 80 ba a ƙara ko sisi ba. Tun a daftarin farko an sa ƙaramar bindiga a ciki, aka cire ta kafin dokar ta wuce, ita ce kuwa aka fi yin kisa da ita a ƙasar har gobe.

Daga nan sai 1963. Lee Harvey Oswald ya ga tallar wata tsohuwar bindigar sojan Italiya a cikin mujalla, ya aika kuɗi dala 21 da 'yan kai ta gidan waya da sunan ƙarya, aka aiko masa da ita kamar yadda ake aiko da littafi. Da ita ya harbe Shugaba John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963. Duk da haka majalisa ba ta motsa ba sai bayan shekara biyar, da aka kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, 1968, aka kuma harbe ƙanen Kennedy, Sanata Robert Kennedy, bayan wata biyu. A ranar 22 ga Oktoba, 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan sabuwar doka. Ta hana sayar wa mutum bindiga ta gidan waya daga wata jiha. Ta ce dillali mai lasisi ba zai sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, doguwa kuma sai mai 18. Ta kuma lissafa waɗanda aka haramta wa saye, ciki har da wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, da wanda ya gudu daga shari'a, da mai shan ƙwaya, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali.

To, amma ta yaya mai shago zai san mutumin da ke tsaye a gabansa yana cikin waɗannan? A nan gizo yake saƙar. Fom kawai ake miƙa wa mai saye, a tambaye shi ko ya taɓa zaman gidan yari, ya rubuta a'a, ya sa hannu, ya biya, ya fita da bindigarsa. Yin ƙarya a fom ɗin laifi ne, amma a matakin tarayya babu mai dubawa. Haka aka zauna shekara 25, ana tambayar ɓarawo ko shi ɓarawo ne.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, NRA, ta rikiɗa. Tsofaffin sojoji ne suka kafa ta a New York a 1871 don koya wa mutane saiti, saboda sun ga yadda sojojinsu ke ɓarnar harsashi a yaƙin basasa. Kusan shekara ɗari harkarta farauta ce da gasar harbi, har ta yi aiki tare da gwamnati a kan dokar 1934. A babban taronta na 1977 a birnin Cincinnati, masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter suka kayar da tsofaffin shugabanni a dare guda. Mu da muke cikin harkar ƙungiya mun san yadda taro ɗaya yake juya akalar tafiya. Daga ranar NRA ta zama ƙungiyar siyasa, tana ba 'yan majalisa maki kamar 'yan makaranta, tana yaƙar duk wanda ya goyi bayan taƙaita bindiga a mazaɓarsa.

Yanzu mun zo ga mutumin da sunansa ke kan dokar binciken. A ranar 30 ga Maris, 1981 Ronald Reagan, wanda bai cika wata uku a kan kujerar shugaban ƙasa ba, ya fito daga otal ɗin Hilton a Washington. Wani matashi mai suna John Hinckley ya harba harsashi shida cikin kamar daƙiƙa biyu. Ɗaya ya daki jikin mota ya shiga ƙirjin Reagan. An samu ɗan sanda guda da dogarin shugaban ƙasa guda. Harsashin farko kuwa a ka ya samu kakakin fadar shugaban, James Brady, har wasu gidajen talabijin suka sanar da mutuwarsa. Bai mutu ba, amma ɓarin jikinsa ya shanye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu.

Da aka bi sawun bindigar, sai aka ga Hinckley ya saye ta a Oktoban 1980 a wani shagon jinginar da kaya a Dallas, a kan kuɗin da bai kai dala 50 ba. Kwana huɗu kafin nan an kama shi a filin jirgin Nashville da bindigogi a jaka, aka ci shi tara aka sake shi. Dalilin harbin ma ba siyasa ba ne, wata 'yar fim yake son ya burge. A 1982 kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali.

Matar Brady, Sarah, ita ta ɗauki yaƙin. 'Yar jam'iyyar Republican ce kamar mijinta, jam'iyyar da ta fi kusa da masu bindiga, don haka da wuya a ce mata 'yar adawa ce. An gabatar da ƙudurin a majalisa a 1987, aka yi ta kayar da shi. A 1991 Reagan da kansa, wanda mamba ne na NRA, ya fito a jarida ya goyi bayansa. Sai ranar 30 ga Nuwamba, 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu, Brady yana zaune a kekensa a gefe. Shekara 12 ke nan da wata takwas bayan harbin.

Dokar ta fara aiki a ƙarshen Fabrairun 1994 da tsarin wucin gadi: mai sayen ƙaramar bindiga ya jira har kwana biyar na aiki, 'yan sandan yankinsa su duba tarihinsa. NRA ba ta son jiran, sai ta matsa aka sa cewa za a maye gurbinsa da bincike na nan take ta kwamfuta. Wasu shugabannin 'yan sandan gunduma kuma suka kai ƙara, suka ce gwamnatin tarayya ba ta da ikon sa su aikinta. A 1997 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. A ranar 30 ga Nuwamba, 1998 tsarin kwamfutar, wanda ake kira NICS, ya fara aiki a hannun hukumar FBI.

Ga yadda yake tafiya. Mutum ya shiga shagon dillali mai lasisi, ya nuna katin shaida, ya cike fom. Dillalin ya tura sunansa da ranar haihuwarsa ta waya ko ta intanet. A duba rumbunan bayanan masu laifi da na waɗanda aka haramta wa bindiga. Amsa uku ce: a sayar, kada a sayar, ko a dakata. Mafi yawa cikin 'yan mintoci ake gamawa. Daga 1998 zuwa yau FBI kaɗai ta hana ciniki fiye da sau miliyan 2, ban da na jihohin da ke yin nasu binciken. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya isa amsa ga mai cewa a Amurka bindiga kamar burodi ake sayenta.

Sai dai a gaskiya, masana da dama suna ganin ko da dokar tana nan a 1980 da wuya ta tare Hinckley, domin kotu ba ta taɓa samunsa da babban laifi ba, ba ta kuma taɓa yanke cewa mahaukaci ne ba. Sarah Brady ta dage cewa da an bincika da an gano adireshin da ya bayar ba nan yake zaune ba. Wannan gardama ba ta mutu ba.

Ƙofa ta farko da aka bari a buɗe ita ce mafi girma. Dokar tarayya dillali mai lasisi kaɗai ta ɗaure. Idan mutum ya sayar wa maƙwabcinsa bindigarsa, ko wani da suka haɗu a kasuwar baje kolin bindigogi, ko a intanet, matuƙar 'yan jiha ɗaya ne kuma ba sana'arsa ba ce, babu binciken da ya hau kansa. Kusan jihohi 20 sun toshe wannan da dokar kansu, sauran sun bari. A harin makarantar Columbine ta jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilu, 1999, inda aka kashe ɗalibai 12 da malami guda a ranar, uku daga cikin bindigogi huɗu wata ƙawar maharan ce ta saya musu a irin wannan kasuwa. Bayan wata ɗaya Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar rufe ƙofar, aka yi kunnen doki 50 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya raba gardama, amma ƙudurin ya mutu a Majalisar Wakilai. Bayan shekara 20, a Agustan 2019, wani mutum ya kashe mutum 7 a yankin Odessa na jihar Teksas. An taɓa hana shi bindiga a shago a 2014, sai ya je ya saya a hannun wani.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kwana uku. Idan amsa ta zo "a dakata", FBI tana da kwana uku na aiki ta gama bincike. In ba ta gama ba, dillali yana da damar ya miƙa bindigar. An sa wannan ne don kada gwamnati ta riƙa jan ƙafa da gangan. Ta nan Dylann Roof ya bi. Akwai bayanin kama shi da ƙwaya wanda shugaban FBI na lokacin ya ce ya isa a hana shi, amma an rubuta sunan ofishin 'yan sandan da ba shi ba a takardar, mai binciken ta yi ta nema inda ba nan ba, kwana uku suka cika. A ranar 17 ga Yuni, 2015 ya shiga wani tsohon cocin baƙar fata a Charleston, ya zauna da su wajen karatu kusan awa guda, sannan ya kashe mutum 9.

Ta ukun ba doka ce ta buɗe ta ba, sakaci ne. Kwamfuta abin da aka zuba mata kawai ta sani. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga Afrilu, 2007, tun a 2005 kotu ta yanke cewa hatsari ne ga kansa saboda taɓin hankali, amma jihar ba ta tura sunansa ba, ya sayi bindigoginsa biyu lafiya lau. Wanda ya kashe mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs ta Teksas a Nuwamban 2017, kotun soja ta taɓa ɗaure shi saboda dukan matarsa da ɗanta, amma rundunar sojan sama ba ta aika da hukuncin ba. Bayan kowane ɗayan biyun nan majalisa ta yi sabuwar dokar matsa wa hukumomi su riƙa tura bayanai, a 2008 da 2018. Ihu bayan hari.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, gwamnatin Amurka ba ta da rajistar masu bindiga, domin dokar 1986 ta haramta mata yin ta. Idan bincike ya wanke mutum, dole FBI ta goge bayanansa cikin awa 24. Fom ɗin yana zama a shagon dillali, sai ya rufe shago ake kwasar takardun zuwa wani ofishi a jihar West Virginia, inda doka ta hana a mai da su rumbun da za a buga sunan mutum a gani. Idan aka tsinci bindiga a wurin kisa, sai a kira kamfanin da ya ƙera, shi ya faɗi babban dillali, shi kuma ya faɗi ƙaramin, a je a buɗe takarda. Masu bindiga suna cewa rajista ita ce matakin farko na ƙwace, suna nuna Ostireliya, wadda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta tilasta wa mutane sayar wa gwamnati bindigogi kusan 650,000. Masu son a tsaurara doka su ma Ostireliyar suke nunawa, a matsayin abin koyi.

Akwai kuma kashe-kashen da babu binciken da zai tare su. Matashin da ya kashe yara 20 da ma'aikata 6 a firamaren Sandy Hook ranar 14 ga Disamba, 2012, bindigogin mahaifiyarsa ya ɗauka, waɗanda ta saya bisa doka, ita ya fara kashewa. Duk da haka wannan ta'asa ta girgiza ƙasar fiye da kowace, yara ne 'yan shekara shida da bakwai. Sanatoci biyu masu goyon bayan bindiga, Joe Manchin da Pat Toomey, suka kawo ƙudurin faɗaɗa bincike zuwa kasuwannin baje koli da cinikin intanet. A ranar 17 ga Afrilu, 2013 ya samu ƙuri'a 54, masu adawa 46, ya faɗi, saboda ƙa'idar majalisar tana neman 60. Iyayen yaran suna zaune a saman zauren suna kallo. A ganinmu wannan ƙuri'a ta fi komai nuna yadda siyasar ƙasar take, domin kowace jiha sanata biyu gare ta, mai mutum miliyan 39 da mai ƙasa da miliyan ɗaya duk ɗaya, kuma jihohin karkara masu ƙarancin jama'a su ne suka fi riƙo da bindiga.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Manomin da gidansa ke da tafiyar rabin awa daga ofishin 'yan sanda yana cewa kafin su iso an gama da shi, magana ce da mutanen ƙauyukanmu za su gane ba sai an fassara musu ba. Suna kuma cewa ɗan ta'adda ba ya zuwa shago. Wani bincike da ma'aikatar shari'ar Amurka ta yi a gidajen yari a 2016 ya nuna cewa cikin fursunonin da ke riƙe da bindiga lokacin laifinsu, kusan 1 cikin 10 ne kawai ya saya a wurin dillali, fiye da 4 cikin 10 a kasuwar bayan fage suka samu, wasu kuma a hannun dangi da abokai. Masu bindiga suka ce kun gani, mai gaskiya kaɗai kuke wahalarwa. Ɗaya ɓangaren suka ce kun gani, shago ya rufu gare su, saura a rufe cinikin hannu da hannu.

A kotu kuwa masu bindiga ne ke ta samun nasara. A ranar 26 ga Yuni, 2008, a shari'ar Heller, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa jimlar nan ta 1791 haƙƙin kowane mutum ce na ajiye bindiga a gidansa don kare kai, ko da ba ya cikin wata runduna. Amma alƙali Antonin Scalia da ya rubuta hukuncin ya ce haƙƙin yana da iyaka, ana iya hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali. A Yunin 2022 kotun ta ƙara da cewa haƙƙin ya haɗa da ɗaukar bindiga a waje. Kwana biyu bayan wannan hukunci, ranar 25 ga Yuni, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar taƙaita bindiga mafi girma cikin kusan shekara 30. Ita ma jini ne ya kawo ta: wata guda kafin nan wani ɗan shekara 18 ya sayi bindigogi bisa doka, ya kashe yara 19 da malamai 2 a garin Uvalde na Teksas. Dokar ta ce mai sayen da bai kai shekara 21 ba a duba har laifukan ƙuruciyarsa, kuma binciken na iya kai kwana goma na aiki. Cinikin hannu da hannu ba ta rufe shi ba. James Brady bai ga wannan ba, ya rasu a Agustan 2014, likitan gwamnati ya rubuta mutuwarsa a matsayin kisan kai, sanadin harsashin da ya shige shi shekara 33 baya.

Alƙaluma biyu za su taimaka. Wata cibiyar bincike a Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hular Amurka suna riƙe da bindigogi miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100, bindigogi sun fi mutane yawa. A 2021 kuma mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a ƙasar. Fiye da rabinsu, sama da 26,000, su suka harbe kansu. Wannan ne ba ma ji a labarai, kuma shi ya sa wasu likitocinsu suka fi damuwa da jiran kwanakin nan da aka soke a 1998, suna cewa mai baƙin ciki idan ya kwana biyu sau da yawa zuciyarsa tana sauka.

Dokar Najeriya a kan kishiyar tushe aka gina ta. A Amurka bindiga haƙƙi ce, gwamnati ce za ta kawo dalilin hana ka. A nan kuwa, a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, alfarma ce da hukuma ke bayarwa. Makaman yaƙi sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigogin farauta na zamani sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindiga ƙirar gida da ake ɗurawa ta baki tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta ce a Yunin 2022 mutane su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, babban hafsan tsaron ƙasa ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Mai cewa a yi irin na Amurka sai ya tambayi kansa wane rumbun bayanai za a duba a nan, tun da can ma, da kwamfutocinsu da kuɗinsu, sunan mai laifi yana ɓacewa tsakanin kotu da FBI. Ya kuma tambayi kansa wa za a ba izini wa za a hana, idan ɗan arewa mazaunin kudu ya shigar da takardarsa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano yin sallah, bayan an ga bindigogin farauta ƙirar gida a motar da suka hau. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Muna tunatar da mambobinmu mafarauta da masu aikin gadi cewa duk mai riƙe da bindiga ƙirar gida ya tabbatar takardarsa tana hannunsa kuma ba ta ƙare ba, ya kuma sanar da shugabannin unguwarsa kafin ya hau hanya da ita.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya